Kwalin Kawu: dodannin sama da garar ƙasa

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na dawo daga Zariya da kwali ɗaya a bayan mota. Wata takwas ke nan da rasuwar Kawu, Allah Ya jiƙansa, sai yanzu Inna ta yarda aka buɗe ɗakin da yake tara takardunsa. A ƙarƙashin gado muka jawo wani kwalin sabulu ɗaure da igiya. Ta leƙa ciki ta ce, "Kai ne mai son tarkace, ɗauki ka tafi da su kafin jikoki su hura gawayi da su."

Littattafan labaran zane ne, waɗanda ake ce wa komik, guda 58. Kawu ya yi kwas a Ingila daga 1970 zuwa 1973, can ya tara su. Tun ina firamare nake tunawa da bangon ɗaya daga ciki, wani dodo mai ido ɗaya yana riƙe da motar bas kamar ya riƙe ɗan tsako. Ban sake ganinsu ba sai yau.

Na ƙasan kwalin gara ta sha musu kai. Tara sun ci wuya sosai, sauran ƙura ce da tsufa. Abin da na ɗaura wa kaina: in share su, in gyara abin da zai gyaru, in ɗauki hoton kowane shafi, in kuma buɗe rajistar da za ta nuna kowane labari waye ya zana shi, kuma yaushe aka fara buga shi. Ina so in gama kafin azumi.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na raba su kashi biyu a kan tabarma. Guda 44 bugun Ingila ne, bangonsu mai kala, cikinsu baƙi da fari. Na kamfanin Alan Class ne na Landan, wanda ya yi aiki daga 1959 zuwa 1989. Ba ya ƙirƙirar sabon labari, tsofaffin labaran Amurka yake karɓo izini yana sake bugawa a ƙarƙashin sunaye irin su Creepy Worlds, Sinister Tales da Secrets of the Unknown. Sauran 14 bugun Amurka ne masu kala har ciki, na kamfanin Marvel, yawancinsu Where Monsters Dwell da aka fara fitarwa a 1970. Su ma maimaici ne na labaran da suka girme su da shekara goma.

Na Ingilan ba su da kwanan wata ko ɗaya, kuma da gangan ne. Wanda bai sayu ba a bana sai a mayar wa kamfani, a sake kai shi kanti baɗi, musamman garuruwan bakin teku lokacin hutu, ba wanda zai ce tsoho ne. Abin da ya rage mini in kama shi ne farashi. Waɗanda aka rubuta wa sule ɗaya an buga su kafin 15 ga Fabrairu 1971, ranar da Ingila ta bar lissafin sule da tsohon kwabo ta koma sabon lissafi, inda sule ya zama sabon kwabo biyar. Masu sule 17 ne, sauran na bayan canji. Ɗana ya tambaye ni mene ne sule. Na ce ya je ya tambayi kakarsa, ita ta kashe shi kafin naira ta zo a 1973.

Laraba, 8 ga Janairu

Sharar ƙura da buroshin fenti mai laushi, shafi-shafi. Goma sha ɗaya na gama. Buroshi ₦1,500. Atishawa kyauta.

Asabar, 11 ga Janairu

Ashe garar ba tarihi ba ce. Ina buɗe ɗaya daga cikin tara ɗin nan sai ga su farare suna yawo a cikin ramin da suka haƙa, har da wasu ƙananan ƙwari masu sheƙi da ke cin gam. Uwargida na gani ta ce kwalin ba zai sake kwana kusa da kabad ɗinta ba, kuma ba ta yi laifi ba.

Ban so in fesa maganin ƙwari, domin mai ne, zai bar tabo. Hanyar da masu adana tsofaffin takardu ke bi ita ce sanyi: a rufe littafi a leda ruf, iska ba ta shiga, a sa a firiza mai ƙarfi wajen mako guda, ƙwarin da ƙwansu su mutu. In an fito da shi kuma ba a buɗe ledar sai ta huce, don raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Firizar gidanmu da wutar unguwarmu ba su isa wannan aiki ba. Na yi magana da wani mai sayar da ƙanƙara a bayan layinmu, yana da janareta, ya yarda ya ba ni lungu ɗaya a ₦5,000. Leda mai zif ₦4,000. Na sa bibbiyu a kowace leda, na kai da yamma.

Laraba, 15 ga Janairu

Ranar baƙin ciki.

Da azahar mai ƙanƙara ya kira ni murya ƙasa-ƙasa: "Malam, ka ɗan zo, an samu 'yar matsala." Janaretansa ya tsaya tun daren Litinin, wuta kuma ba ta zo ba, bai ce mini komai ba yana jiran makanike. Ƙanƙarar da ke saman ledojina ta narke, ruwa ya kwanta a gindin firizar ya kai tsawon ɗan yatsa. Ledojin sama ba abin da ya same su. Na ƙasa guda uku suna iyo, biyu a cikinsu zif ɗin bai kama ba sosai. Wannan laifina ne, ni na rufe su cikin gaggawa, kuma ban ninka leda biyu ba don ina tsimin kuɗi.

Littattafai huɗu suka jiƙe. Uku na Ingila, ɗaya na Amurka. Takardar irin ta jarida ce, ta shanye ruwa ta kumbura kamar burodi a shayi. Ban yi masa faɗa ba, me faɗa zai gyara? Na kwaso su a faranti, na sayi rim ɗin farar takarda ₦6,500, na zauna ina ɗaga shafi da bakin wuƙar teburi ina cusa takarda tsakani. Duk bayan awa ɗaya in canja. Fanka daga nesa, ba rana. Uwargida ta ce in goge su da dutsen guga kamar yadda ake wa takardar kuɗin da ta shiga wanki. Na kusa yarda, sai na gwada a gefen wani shafin talla, nan take ya yi ruwan ƙasa ya murmushe. Na bari.

Sai ƙarfe ɗaya na dare na kwanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Hunturu ya taimaka, uku sun bushe, sun ɗan yi kwarkwaro amma ana karantawa. Na danne su da katako da duwatsun bulo biyu. Na huɗun, wato na Amurka, ya tafi. Bangonsa mai sheƙi ya manne da shafin farko, tawadar ja ta bi ta cikin rabin littafin, wayoyin ƙarfen da aka ɗinke shi da su kuma suka zubo tsatsa. Na rubuta shi a rajista da jan biro: ya mutu a hannuna, ba a hannun gara ba.

Sauran na mayar wa wani abokin aikina mai sola a gida. Wannan karon leda biyu-biyu, cikin robar fenti mai murfi.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ɗauko su daga sanyi jiya, na bar su a rufe har safe. Babu mai motsi.

Da nake duba waɗanda gara ta ci, na ci karo da labarin da ya sa na yi dariya ni kaɗai har yara suka shigo. Labarin Groot ne. Yaran sun san shi a finafinan Marvel a matsayin wani itace mai kirki da ba ya iya faɗin komai sai sunansa. Na asalin ba haka yake ba. Ya fara fitowa a Tales to Astonish lamba 13, Nuwamba 1960, zanen Jack Kirby, kuma mugu ne mai surutu. Sarki ne daga wata duniya da ake kira X. Ya sauka kusa da wani ƙaramin gari yana zuƙe duk wani katako, shinge da kujeru da ƙyamare, yana ƙara girma. Niyyarsa ya sa itatuwa su saƙa saiwoyinsu a ƙarƙashin garin, ya ɗauke shi ɗungurungum zuwa duniyarsa a yi gwaji da mutanen. Harsashi bai huda shi ba, wuta ba ta kama shi ba. Wanda ya kayar da shi wani masanin kimiyya ne da matarsa ke yi wa gorin ragwanta. Ya shige ɗakin gwajinsa ana cewa tsoro ne ya ɓoye shi, ashe gara yake kiwo. Ya sake ta a jikin dodon ta cinye shi daga ciki.

To ita ma garar Zariya ta yi nata aikin. Ta ci gindin littafin daga ƙasa, shafuka uku a jere Groot ba shi da ƙafafu. Ɗana ya ce, "Abba, kenan sau biyu aka kashe shi."

Lahadi, 26 ga Janairu

Na fara gyaran yagaggun shafuka. Kawu ya riga ni, ya liƙe wasu da salatif tun can da, kuma shi ne darasi: robar ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan zuma da ba ya fita. Don haka babu salatif. Na dama sitacin alkama a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kamar kokon jarirai, na bar shi ya huce, na tace. Ana shafa shi siriri a kan takarda shara-shara, a ɗora kan yagar, a danne. Takardar Japan ake so, ban samu ba, na sayi irin wadda ake naɗe sabon takalmi da ita, ₦1,000. Na farko na cika ruwa ya yi ƙundu. Na biyar ya fito har sai ka ɗaga shi a haske za ka gani.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai ɗaya daga cikin na Ingila wani shagon kwamfuta don gwajin sikanin, ₦150 kowane shafi. Kuskure na biyu. Su waɗannan ba ɗinki gare su ba, gam ne ya riƙe gindin shafukan, gam mai shekara hamsin da ya bushe ƙayau. Yaron shagon ya kifa littafin a kan gilashi ya danna murfi da tafin hannu biyu kamar mai murza tuwo. Na ji ƙas. Kafin in ce wani abu littafin ya rabe biyu, shafuka shida suka zubo ƙasa. Ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, ai dama tsoho ne." Na biya ₦3,000 na shafi ashirin da ya riga ya yi, na tattara abina.

Da na dawo na gwada shafi ɗaya mai kala a ƙaramar na'urar ofis, a hankali. Nan ma wata matsalar: hoton ya fito da wasu zane-zane kamar na atamfa a fuskar mutane. Dalili shi ne kalar waɗannan littattafai ba shafe take ba, ɗige-ɗige ne ƙanana na tawada huɗu kacal, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, ido ne ke haɗa su daga nesa. In layin ɗigon ya ci karo da layin na'urar sai su haifar da wannan zanen. Na sa gilashin ƙara girma a kumatun wani soja, ashe jajayen ɗigo ne a kan farar takarda, ba komai ba.

Na fasa sikanin gaba ɗaya. Waya zan yi amfani da ita.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kafinta ya kawo abin da na zana masa: katako biyu da suka haɗu kamar rehal ɗin karatu, littafi ya kwanta a buɗe rabi ba tare da an tanƙwara shi ba, da sanda a sama mai riƙe waya. ₦9,000. Gilashin danne shafi ₦3,500, fitilu masu caji biyu ₦11,000, ɗaya dama ɗaya hagu don kada haske ya dawo. Littafi ɗaya yana cin minti ashirin da biyar. Yau na yi shida.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ban ɗauki hoto ba yau, rajista na zauna yi, sai tambaya ta taso mini: me ya sa duk dodannin daga sama suke zuwa ko daga ƙarƙashin ƙasa, babu fatalwa mai shan jini, babu gawa mai tafiya?

Amsar tana 1954. A shekarar wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa komik laifin lalacewar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zama a kai, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Tambarinta ne nake gani a kusurwar bangon na Amurkan, kamar kan sarki. Dokokinta sun hana masu shan jini da gawawwaki masu tashi da mutum mai rikiɗa kyarkeci. Ba su ce komai ba game da ƙaton ƙadangare daga wata duniya. Ta wannan ƙofar aka bi. Sannan a 1957 kamfanin da ya zama Marvel ya rasa mai rarraba masa kaya, ya koma hannun wani da ya taƙaita shi ga littafi takwas a wata. Stan Lee da ƙanensa Larry Lieber suna rubutu, Kirby yana zana babban dodon gaba, Steve Ditko yana rufewa da gajeren labari mai shafi biyar da ke juyewa a ƙarshe. Haka suka yi ta yi wata bayan wata har 1961. A shekarar 1957 ɗin ce kuma Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ran 4 ga Oktoba, Amurkawa suka koma kallon sama da fargaba.

Ni dai na fi son Ditko. Dodannin Kirby sun fi cika ido, amma in ka karanta biyar ka karanta hamsin. Mutanen Ditko ramammu ne masu dogayen yatsu da gumi a goshi, kuma sau da yawa baƙon da ya zo daga sama ya fi mutanen da ya tarar hankali.

Garin bincike na tarar da wani labarin da ba ya cikin kwalin, amma ya tsaya mini a rai. Kamfanin EC ya buga shi a 1953, zanen Joe Orlando. Ɗan sama jannati daga duniyarmu ya je duniyar mutum-mutumi don ya duba ko sun isa shiga tarayyar taurari, ya tarar masu launin lemo suna danne masu launin shuɗi alhali cikinsu iri ɗaya ne, ya ce ba su isa ba tukuna. A gidan zane na ƙarshe ya cire hular kansa, sai ga baƙar fata. Da aka zo sake buga shi a 1956, shugaban hukumar tacewar, Charles Murphy, ya nemi a canja mutumin. Mai kamfanin, William Gaines, ya ƙi, aka buga shi yadda yake.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Hoto: tara. Jimilla 23. Batirin fitila ɗaya ba ya riƙe caji.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani aikin da ban shirya ba ya shigo. Yaran sun ce in riƙa karanta musu da Hausa bayan isha'i, har da 'ya'yan maƙwabta biyu. Fassarar baki ce, a tsakar gida kawai, domin labaran Marvel har yanzu da masu su.

Jirgin baƙin da ke zuwa daga sama ne ya fara ba ni wuya. Sunansa na Turanci, flying saucer, daga ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi ya samo asali, tun 24 ga Yuni 1947 da wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da Dutsen Rainier, jaridu suka laƙaba musu sunan. Na ce faranti mai tashi, ba wanda ya motsa. 'Yata ta dubi hoton ta ce, "Abba, ai faifai ne." Shi ke nan, faifai mai tashi ya zauna.

Wajen ƙarar abubuwa kuwa Hausa ta fi su kaya. Dodo ya taka ƙasa, dim. Gini ya zube, rugugum. Faifai ya wuce, fuu. Harsashi ya daki fatar dodo ya dawo, ƙwal. Yaran ne ma ke ba ni wasu. Sunayen dodannin kuma ban taɓa su ba, Goom da Fin Fang Foom sun yi kama da abin da za a ce wa yaro ya yi barci. Abu ɗaya ya hana su tsorata: yawancin dodannin Kirby sanye suke da gajeren wando. Ƙaramin maƙwabcinmu ya tambaya da gaske wane tela ne ya auna su.

Hajiya tana gefe tana jan carbi kamar ba ta ji, sai da na kai inda ragon gari ya yaudari dodo ta ce, "Wannan ai Gizo ne aka sa wa kwat."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hoto ya kai 41 cikin 57. Ba zan gama kafin azumi ba, na haƙura.

A rajista na ƙara layi ɗaya da na sa wa suna "me ya kashe shi". Cikin labarai 36 na baƙi da dodanni da na shigar zuwa yanzu, soja bai ci nasara ko sau ɗaya ba. Tankoki suna zuwa ne don a taka su. Wayo ya yi aiki a 21, wani ƙaramin abu da aka raina, irin su gara ko ruwa ko gishiri, a 9, sauran shida baƙin ne suka duba halinmu suka koma da kansu.

Mafi daɗin wayon na same shi a wani na Ingila da bangonsa ya ɓace. Maimaicin Fantastic Four lamba 2 ne, na Janairu 1962, lokacin da kamfanin ya fara juyawa daga dodanni zuwa jarumai. Wasu baƙi masu rikiɗa, Skrull, sun jera jiragensu za su mamaye duniya. Jagoran jaruman ya je wurin shugabansu ya nuna masa hotunan dodanni, ya ce su ne masu gadin duniyarmu. Hotunan kuwa yanko su ya yi daga Strange Tales da Journey into Mystery, wato irin littattafan da ke kan tabarmata. Shugaban ya tsorata ya juya da rundunarsa. Uku da aka kama a ƙasa aka sa su rikiɗa shanu, aka mantar da su ko su waye, aka bar su suna kiwo. Tun daren jiya yaran ke yi wa shanun da ke wucewa ta layinmu wani irin kallo.

Kuɗin da ya fita zuwa yau ₦44,500. Abin da ya rage: hoton 16, da manne wanda ya rabe a shago, sai na ƙara gwada sitacin a kan wani mara amfani tukuna. Maƙeri ya ce akwatin ƙarfe mai murfi ₦25,000, zan sa a yi bayan albashi, a ɗora shi kan bulo nesa da bango, kowane littafi da ledarsa. Labarai 12 har yanzu ban gano wanda ya zana su ba, na Ingilan sukan goge sa hannu ko su yanke shi. Ina zargin huɗu na Ditko ne saboda yatsun.

Inna ta kira ɗazu. Wai an ga wani kwalin a saman silin, ba a sauko da shi ba tukuna, amma ƙasa-ƙasa na zubowa daga gefensa. Na ce kada kowa ya taɓa, ina zuwa Asabar da leda.